Bindigar Soso Da Masu Ƙara Mata Ƙarfi

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Babangida ta Suleja ana jajibirin Sallah zai ga yadda bindigogin wasa suke cika teburan 'yan koli. Yaro in ya tara kuɗinsa na barka da Sallah, abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne bindiga. Akwai mai fesa ruwa, akwai mai ƙara da walƙiya kawai, akwai mai harba 'yan ƙwallayen roba masu tauri kamar ƙwayar dawa, sa'an nan akwai wadda nake so mu tattauna a kanta yau, watau mai harba kibiyar soso. Wasu iyaye suna kira a hana sayar da su gaba ɗaya. Ni ban goyi bayan wannan kira ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda samari suke kwance bindigar su ƙara mata ƙarfi, wasu har su sake mata kama.

Asalin wannan abin wasa daga Amurka yake. Wani kamfani mai suna Parker Brothers ne ya fara fitar da ƙwallon soso da ya kira Nerf wajen 1970, yana tallarsa da cewa ana iya jefa shi a cikin ɗaki ba tare da ya fasa fitila ba. Daga baya sunan ya koma hannun kamfanin Hasbro, kuma a 1992 aka fito da bindigar farko mai harba kibiyar soso. Ga shi yau masana'antun ƙasar Sin suna kwaikwayonta iri-iri, kuma galibin waɗanda suke isowa kasuwanninmu na kwaikwayon ne, domin na ainihin sun fi ƙarfin aljihun talaka.

Yadda take aiki ba wani sihiri ba ne. Wanda ya san famfon keke ya san cikinta. In ka ɗana ta, ka matse wani sifirin ne a bayan wani bututu. In ka ja kunama sai sifirin ya saki, ya turo iska da ƙarfi, iskar ta fitar da kibiyar. Wata irin kuma batir take amfani da shi, tana da 'yan faifai biyu masu juyawa da sauri, su ne suke cafkar kibiyar su wurga ta. Masu ƙera ta ainihin da gangan suka rage mata ƙarfi. Sun sa sifirin mai laushi, sun kuma sa wani ɗan marfi a hanyar iska domin ya rage bugun. Da haka kibiyar, wadda nauyinta bai wuce kimanin giram 1 ba, take fita da gudun wajen ƙafa 70 a cikin sakan guda, gudun da in ta sami mutum a hannu ko a baya sai dai ya yi dariya.

To, a nan masu gyara suke shigowa. A Amurka da Turai da Singafo abin ya zama sana'a da gasa, manya masu gemu suna cire ɗan marfin nan, su sa sifirin mai tauri, su sa bututun tagulla, ko su canza injin da batir, har gudun kibiya ya kai ƙafa 150 ko 200 a sakan. Su kam suna yinsa a fili keɓaɓɓe, kowa da tabarau na kariya, da alƙalin wasa, har da na'urar auna gudu wadda in bindigarka ta wuce ƙa'ida ba za ka shiga fili ba. Yaronmu kuwa hoton gyaran kawai yake gani a wayar yayansa. Ya ɗauki sukuddireba ya yi abin da ya gani, ya fita lungu inda ƙannensa suke wasa ido buɗe. Tabarau da alƙali da na'urar awo duk an baro su can.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowane uba ya sani. In ka ninka gudun abu sau biyu, ƙarfin bugunsa sau huɗu yake ninkuwa. In ka ninka sau uku, bugun ya zama sau tara. Saboda haka yaron da yake murna bindigarsa ta fi ta abokinsa nisa bai san ya mai da ita wani abu dabam ba. Kuma Allah ya yi wa ido katanga ta ƙashi, wadda take tare ƙwallon ƙafa ko mari, amma kibiyar soso kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba, kai tsaye take shiga tsakanin katangar ta sami ƙwayar ido.

Kada wani ya ce ai soso ne. A 2017 likitocin asibitin ido na Moorfields da ke Landan sun ba da rahoton mutum uku, manya biyu da yaro ɗan shekara 11, waɗanda kibiyar irin wannan bindiga ta sama a ido har jini ya taru a cikinsa. Likitocin sun kuma lura cewa kibiyoyin kwaikwayo masu araha kansu ya fi na ainihin tauri. Waɗannan masu araha kuwa su ne namu. Balle kuma yaron da kan kibiyarsa ya cire, ya ga ba ta tafiya daidai, ya cusa mata ɗan dutse ko ƙusa ko allura ya naɗe da salatif domin ta yi nauyi ta kafe a jikin ƙofa. Wannan kam ya gama fita daga sahun wasa.

Duk da haka, in aka jera bindigogin teburin ɗan koli, ta soso da ba a taɓa ba ta fi mai ƙwallayen roba sauƙi nesa ba kusa ba. Mai ƙwallayen nan ce ta sa gwamnatin Afganistan ta hana sayar da bindigogin wasa a 2015, bayan da aka kwashi yara fiye da 100 zuwa asibitin ido na Kabul cikin kwanakin ƙaramar Sallah. In hukuma tana neman abin da za ta hana, ga shi nan. In kuwa aka hana duka, yaro ba zai daina son harbi ba. Mu da muka taso da gwafa da bindigar kara da bindigar ashana ta wayar keke mun san haka, kuma ko wacce a cikinsu ta fi soso haɗari.

Gyara na biyu shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin shi ba a ido yake tsayawa ba. Masu ƙera bindigar nan suna yi mata launi mai ɗaukar ido, shuɗi da rawaya da ruwan lemo, don kowa ya gane daga nesa abin wasa ce. A Amurka tun 1988 doka ta wajabta a sa alamar ruwan lemo a bakin bindigar wasa. Saurayi kuwa sai ya ga launin nan na yara ne, ya sayo fenti baƙi ya fesa mata don ta yi kama da ta soja. A birnin Kilibilan na Amurka, a watan Nuwamba na 2014, ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Tamir Rice, wanda yake riƙe da bindigar wasa da alamar bakinta ta cire. Yaron ya rasu washegari.

Jama'a, ku dubi inda muke zaune. Suleja gari ne da ya ga tashin bam a ofishin hukumar zaɓe a watan Afrilu na 2011, ya kuma ga na cocin Madalla ranar Kirsimeti ta wannan shekarar. Hanyar Kaduna ta gefenmu ta wuce, ga barikin Zuma, ga 'yan sintiri a unguwanni. Mai tsaro da ya hango baƙin abu a hannun saurayi da magariba ba shi da lokacin tambayar ko soso take harbawa. Har ila yau dokar fashi da makami ta 1984 hukuncinta kisa ne, kuma saurayin da aka kama da baƙar bindiga a wurin da aka yi ƙwacen waya zai daɗe yana bayani kafin a saurare shi.

Amma fa yaron da ya iya kwance bindigar nan ya gane aikin sifirin da iska, ya kuma mayar da ita ta tashi, ba shashasha ba ne. Hannun makaniki ne da shi, kuma duka ba zai raba shi da wannan hannu ba. Garin nan ya san abin da ake samu in aka riƙe mai basira. Ladi Kwali da tukwanen gargajiya ta fara, ta shiga makarantar ginin tukwane ta nan garin a 1954 lokacin ana kiransa Abuja, yau ga hotonta a jikin naira 20. Muna da kwalejin fasaha mai sunan Sarki Sulaimanu Barau, muna da makarantar haziƙai ta Gwamnatin Tarayya. Me zai hana malaman kimiyya su karɓi bindigar nan su mai da ita darasi, a auna nisa, a auna gudu, a yi gasar harbin gwangwani a filin makaranta kowa da tabarau? Wanda ya ƙara wa tasa ƙarfi ya bar ta a ɗakin malam, kada ta koma gida.

Hukumar SON, wadda aikinta ne duba ingancin kayan da ake shigowa da su, ya kamata ta leƙa teburin 'yan koli ta matsa kan kibiyoyin nan da yatsa. Shugabannin kasuwa ma suna iya hana 'ya'yan ƙungiyarsu sayar da baƙar bindigar wasa ba sai sun jira Minna ta yi magana ba. Uba kuma in ya ga sukurorin bindigar ɗansa sun sha taɓi, ya karɓa ya harba a tafin hannunsa. In ya ji zafi, ta wuce wasan cikin gida.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, kibiya ta sami yaro a ido, don Allah kada a ɗiga masa nono ko ruwan sukari ko a sa masa kwalli, kada kuma a murza. A rufe idon ba tare da dannawa ba, a kai shi asibiti a ranar, ko da ya ce ya daina jin zafi. Jinin da ya taru a cikin ido yana iya sake tsinkewa bayan kwana biyu zuwa biyar, kuma na biyun yakan fi na farko muni. In likitan Suleja ya ce a wuce Abuja ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, a kama hanya kada a ce sai an gama hidimar Sallah.