Filin Mata: Ba Kowane Ƙari Ne Ciwon Daji Ba

Maganar wannan mako mai nauyi ce a baki, amma tilas a faɗe ta, domin ta shafi lafiyar mazanmu da iyayenmu.

A Dandin Mahe da ƙauyukan da ke kewaye, idan magidanci ya ji wani ƙari a marainansa, ko fitsari ya riƙa yi masa wuya, kunya takan sa ya yi shiru. In abin ya tsananta, sai a ce gwaiwa ce a kira wanzami, ko a ce sammu ne a ɗora wa kishiya laifi. Wasu kuwa da jin kalmar ƙari sai su fid da rai, su ce ciwon daji ne, zuwa asibiti ɓata kuɗi ne.

To, ku sani ƙari iri-iri ne. Tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan fadama da tafki, takan kawo shi. Ƙwayar tarin fuka ma takan sauka can ta kawo shi. Akwai kuma wani ciwo da ba a cika samunsa ba, likitoci suna kiransa ciwon IgG4. Likitocin Japan ne suka gane a 2003 cewa ciwo ɗaya ne mai kama gaɓoɓi dabam-dabam, aka kuma daidaita a kan sunansa a wani taro a birnin Boston na Amurka a 2011.

Ga yadda yake. Allah ya sa wa jikin mutum dakaru masu yaƙi da cuta, watau garkuwar jiki. A wannan ciwo sai dakarun su ruɗe, su taru wuri guda inda babu abokin gaba, wurin ya kumbura, sannu a hankali ya taurare kamar tabo. Yakan kama ƙoda, da maraina, da ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ya fi kama maza manya da tsofaffi. Ba a ɗaukarsa daga mutum, saboda haka kada mace ta guji mijinta, kada kuma ta zarge shi da yawon banza.

Haɗarinsa shi ne sau da yawa ba ya zafi. Yana iya matse hanyar da fitsari ke bi daga ƙoda zuwa mafitsara, ƙodar ta lalace mutum bai sani ba. Amma in an same shi da wuri, yakan ji magani ƙwarai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wurin da ya riga ya zama tabo, da wuya ya koma daidai.

Ido ba ya rarrabe wannan da ciwon daji, hannu ma haka. Sai an auna jini, an ɗauki hoto, an kuma duba ɗan yankin naman da madubin likita. Wani lokaci ma sai bayan an yi aiki an cire ƙarin ake gane ko mene ne. Don haka ki lallashi maigida ya je asibiti mafi kusa, a Shagari ko Boɗinga. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake da likitocin mafitsara.

Ke ce kike ganinsa kullum. In kin taɓa lura da kumburi a ƙarƙashin muƙamuƙinsa ko a fatar idonsa, ki tuna masa ya gaya wa likita, domin ciwon nan yakan bayyana a waɗannan wurare ma.

Maganin da aka fi farawa da shi sunansa prednisolone. Amma fa kada a saye shi a kemis don an ji sunansa a nan. Yana ta da ciwon sukari da hawan jini, in kuwa tarin fuka ne ya kawo ƙarin, ƙara shi zai yi. Ba a barinsa farat ɗaya, likita ne yake rage shi kaɗan-kaɗan. Ciwon kuma yakan dawo, saboda haka ki adana katin asibiti, ki riƙe ranar komawa ko da maigida ya ji sauƙi.

Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku mata wannan, su za su san yadda za su isar da shi. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.