Otel-otel ɗin Damagaram da baƙon da ba a tanadar masa ɗaki ba

A duk faɗin ƙaramar hukumar Alakos, daga Garazu zuwa ƙauyuka da rugagen da ke kewaye da ita, ba a san kwanan kuɗi ba. Wanda dare ya riska a can, ƙofar mai gari zai nufa, a ba shi tabarma da ruwan sha, a aiko masa da tuwo daga cikin gida, da safe ya yi godiya ya kama hanyarsa. Amma mutumin Alakos ba ya ƙare rayuwarsa a Alakos. Babban asibitin ƙasa yana Damagaram, kotun ɗaukaka ƙara tana can, jami'ar da ɗansa ke karatu tana can, haka ma ofisoshin jaha da ba a samun sa hannunsu sai an je da ƙafa. Gure, hedikwatar gundumarsa, tana da tazarar kilomita kimanin 160 daga Damagaram a kan babbar hanyar ƙasa, shi kuwa kafin ya taka kwalta sai ya sha yashi. Duk wanda ya yi wannan tafiya ya san ba a zuwa a komo rana guda. Tambayar da muke so mu ajiye gaban magabata da masu otel-otel ita ce: a ina wannan mutum zai kwana, kuma idan ya ciro kuɗinsa ya biya ɗaki a tsakiyar birni, me yake samu a madadinsu?

Damagaram ba baƙuwar saukar da baƙi ba ce. Unguwar Zango da kanta sunanta ya faɗi aikinta: nan ayarin raƙuma daga Agadas da Gat da Tarabulus ke sauke kaya a wajen ganuwar Birni. Bajamushen nan Heinrich Barth ya zauna a garin a ƙarshen 1852 da farkon 1853 yana jiran guzurinsa, bayan ya ratso ta Gure. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce babban birnin mulkin Faransa a wannan ƙasa, kafin a mai da kujerar Yamai. Sunayen da matafiya suka daɗe da sani a garin, irin su Otel Santiral da Otel Damagaram da Otel Amadu Kuran Daga, duk magada ne ga wannan tsohon tarihi. Na ƙarshen ma sunansa yana da ɗan abin murmushi ga masu karanta tarihi, domin a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga ne aka kashe baƙon da ya fi kowa suna, Kyaftin Cazemajou, a watan Mayu na 1898. Don tunawa da turjiya ga mulkin mallaka aka raɗa sunan, kada matafiyi ya ji tsoro.

Abin da ya kamata mu duba da kyau shi ne yadda tsohon masauki yake aiki, domin a cikinsa akwai amsar abin da ke damun sabon. Bafatake idan ya iso zango, yana da mai masaukinsa, wanda wasu ke kira fatoma. Shi zai ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan an sayi kayansa bashi, ya raka shi gaban alƙali idan rigima ta taso. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki. La'adar ciniki ita ce ribarsa. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan ya kuma wallafa littafinsa a 1969, ya nuna yadda kasuwancin shanu da goro kacokan ya rataya a wuyan waɗannan masu gida, haka ita ma Polly Hill ta gani a Kumasi. To, mai karatu ya lura da inda ƙarfin tsarin yake. Arzikin mai masauki yana hannun baƙonsa. Idan bafatake ya kwana da yunwa, ko kayansa suka yi ƙafa, badi ba zai dawo ba, kuma kafin ya kai gida labari ya riga ya zaga zangon Agadas da na Kano. Kirkin mai masauki gaskiya ne, addini da al'ada sun hore shi, amma bayan kirkin akwai tsoron asara, kuma tsoron asara malami ne da ba ya gajiya da koyarwa.

Otel ɗin zamani a jahohinmu ya tashi a kan wani tushe dabam. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da kuɗin uraniyum ke gudana, manyan baƙinsa ma'aikatan gwamnati ne masu rangadi da Turawan da ke ƙetaro Sahara ta Tamanrasat da Arlit da Agadas, wasunsu da tsofaffin motocin Peugeot da za su sayar su koma gida a jirgi. Tawayen arewa na farkon shekarun 1990 ya rage wannan zirga-zirga, yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995 ta ɗan farfaɗo da ita, sai tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a 2010 suka ƙarasa ta. A tsakani, karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994 ta ninka farashin duk abin da otel ke shigowa da shi daga waje, tun daga kan famfo har zuwa na'urar sanyaya ɗaki, gyara ya zama abin da ake ɗagawa daga wannan shekara zuwa waccan. Da masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, wa ya cike gurbinsu? Mahalarta tarurrukan ƙara wa juna sani, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, musamman bayan hare-haren Boko Haram a Bosso da Diffa a Fabrairun 2015, lokacin da Damagaram ta zama zangon duk mai nufar gabas, sai kuma masu hulɗa da matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011.

A nan ne gizo ke saƙa. Duk waɗannan baƙi, ko mafi yawansu, ba daga aljihunsu suke biya ba. Wani akawu ne a Yamai, ko a Jeneba, ke sa hannu a kan takardar kuɗi, shi kuwa bai taɓa kwanciya a kan katifar ba, bai kuma taɓa murɗa famfon ya ji yana huci ba ruwa ba. Wanda ya kwana bai biya ba, wanda ya biya bai kwana ba. Mai otel, da yake ba wawa ba ne, ya gane wanda ya kamata ya faranta wa rai: mai shirya taro, wanda ke ɗaukar ɗakuna ashirin da zauren taro da shayin ƙarfe goma a lokaci guda. Shi ya sa za ka tarar zaure ya sha fenti, an ɗaura wa kujeru farin yadi, lasifika na aiki, alhali a bayan gini ƙofar banɗaki ba ta rufuwa, gidan sauro ya yage, zanen gado kuwa sai wanda ya shimfiɗa shi ya san ranar da ya ga sabulu. Mahalarcin taro ba zai yi ƙorafi ba, domin hankalinsa yana kan kuɗin guzurin da zai karɓa ranar rufewa. Da yawa ma sukan kwana gidan ɗan uwa su adana kuɗin ɗakin, ba kuwa za mu zarge su ba idan muka dubi albashinsu.

Sai ga mutumin Alakos ya shigo, da rawaninsa da ƙurar hanya, ya sayar da bijimi don ya kawo mahaifiyarsa asibiti. Shi kaɗai ne a cikin ginin da zai biya da guminsa, shi ne kuma za a fi yi wa kallon sama da ƙasa a teburin karɓar baƙi. Za a yi masa magana da Faransanci, harshen da bai nema ba, a garin da kowa ke jin Hausa, har da mai yi masa maganar. Za a miƙo masa takardar ƴan sanda ya cike, a karɓi katinsa na ɗan ƙasa, kuɗin ɗaki kuwa sai a faɗe shi da baki bayan an auna rigarsa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan an ɗaga shi zuwa jika 42 a wata daga Janairun 2024. Kwana biyu ko uku a ɗaki mai sanyi suna iya lashe shi. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi yana da haƙƙin a yi masa sannu da zuwa da fuska a sake. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ita kuwa ba a shigo da ita daga Turai, karyewar sefa ba ta taɓa farashinta ba.

Adalci ya wajabta mu faɗi uzurin masu otel, domin suna da shi. Damagaram a kan dutse take zaune, ƙarancin ruwanta yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka tashi daga gare ta a 1926, kuma duk da rijiyoyin Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, mazauna garin sun san abin da bazara ke nufi. Wutar lantarkin yankin daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, kuma kowa ya tuna yadda aka yanke ta a Agustan 2023 ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ba a maido ta ba sai a Maris na 2024. Mai otel ɗin da ke sayen gazuwal don injin wuta, yana kuma sayen ruwa a tanka, ba za a ce ya sayar da ɗaki a farashin tabarmar tasha ba. Mun yarda. Amma wannan uzuri yana bayanin tsada ne kawai. Ba ya bayanin dalilin da zai sa a ɓoye wa baƙo cewa ba ruwa sai bayan ya biya, ko a hana shi bokiti cike a ƙofar ɗaki, abin da matar mai gari a Garazu ke yi ba tare da an roƙe ta ba, alhali ita daga rijiya mai gaba da yawa take jawo nata.

Hukuma kuma fa? Sha'awarta ga baƙon otel ta tsaya a kan abu biyu: sunansa a takardar ƴan sanda da harajin da ke kan kwanansa. Tana son ta san wa ya kwana, ba ta damu da yadda ya kwana ba. Idan babban biki ya taso sai a farka: an ga yadda Yamai ta samu Radisson Blu da Noom da Bravia saboda taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019, an ga kuma gine-ginen da aka yi wa Damagaram don bikin 18 ga Disamba na 2018 ƙarƙashin shirin Zinder Sabuwa. Madalla da su. Sai dai duk an yi su ne don baƙon kwana uku mai jiniya a gaban motarsa, wanda ko ba a gina komai ba ba zai kwana a ƙasa ba. Ma'aikatar da ke kula da yawon buɗe ido tana da ikon duba otel-otel da ba su daraja. Abin da ya rage shi ne sakamakon dubawar ya fito fili, a manna shi a ƙofa tare da farashin kowane ɗaki, da Hausa da Faransanci, har da ajami don masu karatun allo, waɗanda su ne mafi yawa a cikin mutanen da muke magana a kansu. Wannan ba ya bukatar rancen Bankin Duniya. Takarda ce da gam.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 masu ba da agaji da dama suka dakatar da ayyukansu, tarurruka suka ragu, baƙon da wani ke biya masa ya yi ƙaranci. Masu otel suna kuka, kukansu kuwa na gaskiya ne, domin bayan kowane ɗaki da ke rufe akwai mai shara da mai wanki da mai gadi da ke jiran ƙarshen wata. Amma ga kasuwa nan a ƙofarsu da suka daɗe suna tsallakewa: dillalan dabbobi masu zuwa daga Birnin Kazowe, iyayen ɗalibai, masu jinya, masu shari'a, ƴan kasuwar Kano da Maraɗi. Waɗannan ba sa neman wurin ninƙaya. Suna neman ɗaki mai fanka da makulli mai aiki, buta da wurin alwala mai tsabta, ɓangaren da mace za ta sauka da mahaifiyarta ba tare da ta ratsa mashaya ba, da farashin da ba ya canzawa da ganin fuska. Wannan batu na mashaya kada a raina shi: a idon dattawan karkara kalmar otel kanta ta ɓaci, har mutum ya gwammace ya kwana a barandar asibiti da a ji a gida cewa an gan shi yana fitowa daga can. Wanda ya fara raba masauki da mashaya, ya kuma sanya a teburin karɓar baƙi wanda ya iya gaida dattijo, shi zai kwashe wannan kasuwa, kuma irin waɗannan baƙi idan suka yarda da wuri, sukan dawo da ƴan garinsu gaba ɗaya.

Akwai kuma waɗanda ko an sauke farashi zuwa rabi ba za su iya ba, su ne ma mafi yawa. Su kam maganarsu tana wuyan ƙananan hukumomi. An ƙirƙiro su a 2002, aka yi zaɓensu na farko a 2004 da alƙawarin kusantar da mulki ga talaka, aka kuma rusa majalisunsu a Afrilun 2024 aka naɗa masu riƙo. Ko zaɓaɓɓe ko naɗaɗɗe, wanda ke karɓar harajin kasuwa da na dabbobi a Alakos yana iya zama da takwarorinsa na Gamu da Kelle da sauran ƙananan hukumomin gundumar Gure, su haɗa kuɗi su kama gida guda kusa da babban asibitin Damagaram: ɗakuna kaɗan, randunan ruwa, banɗaki biyu, da wani dattijo ɗan yankin da zai zama mai masauki, ya san ƙofar likita da ta magatakardan kotu, a kuma iya sauke shi idan ƙorafi ya yi yawa. Masu jinya su biya abin da bai fi ƙarfinsu ba, a rubuta a littafi, a karanta lissafin a bainar jama'a ranar kasuwa sau biyu a shekara.