Sharar Gari Da Haƙƙin Gona

A wannan mako muna so mu yi magana a kan wani abu da mutane ke ƙyamar ambatonsa a majalisa, watau shara, domin mun lura cewa a cikinta akwai haƙƙin bayin Allah wanda 'yan kasuwa da ma'aikata suke ɗauka ba tare da sun sani ba.

Duk wanda ya bi hanyar Dambatta ko ta Bichi daga birnin Kano ya san irin ƙasar da muke nufi. Gona na jingine da gona, gida na hangen gida, babu dajin da za a ce an bar shi ya huta, sai dai gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaitsaye cikin shuka. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda ya shigo Kano ta hanyar Katsina a 1851, ya yaba albarkar gonakin nan ƙwarai. Shekara fiye da ɗari bayansa wani malamin jami'a, Mortimore, ya auna su tun daga wajen 1960, ya tarar ana noma kusan kowace gona kowace damina, alhali kuwa ƙasar ba ta mutu ba. Masana na waje sun yi mamakin wannan, amma manomin Minjibir ko na Dawakin Tofa bai ga abin mamaki ba, don ya san asirin. Asirin shi ne taki.

Ga yadda abin yake tafiya tun kaka da kakanni. Manomi ya shuka gero da dawa, ya ratsa wake da gyaɗa a tsakani. Da kaka ya yi ya kwashe harawa ya ɗora a bisa itace ko rumfa, ya ciyar da tumaki da awaki a turke, su kuma su ba shi kashi. Matan gida su tara toka da ƙaiƙayi da sharar tsakar gida a juji. Da rani sai a ɗaura wa jaki mangala a yi ta kai wa gona, ana zubawa tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Wanda yake kusa da gari kuwa yakan kai itace ko kara kasuwa a kan jakinsa, ya komo da takin gari. Ta haka gari yake rabuwa da dattinsa, gona ta ƙoshi, hatsi ya sake komawa gari. Babu wata hukuma da ta tsara wannan, buƙata ce ta haɗa mutane, Allah kuma Ya sa albarka.

Malamanmu na mazhabar Maliku ba su bar wannan sana'a ba hukunci ba. A wurinsu kashin dabbar da ake cin namanta, kamar saniya da tunkiya da akuya, mai tsarki ne muddin ba ta kiwon najasa, saboda haka cinikinsa halal ne babu wata shakka. Na jaki da na doki ne aka yi magana a kansu, tun da asali ba a cinikin najasa, amma Ibnu Asim, alƙalin Andalus wanda alƙalanmu suke karanta Tuhfarsa, ya ambata cewa an yi rangwame a kan taki saboda lalura. Watau tun a wancan zamani malamai sun gane cewa abin da ake sharewa daga gari dukiya ce a gona.

To, sai leda ta shigo. Da can mai goro yana ƙunshewa a ganye, mai tsire a takarda, mace ta aiki yaro kasuwa da ƙwarya ko kwando, kuma duk waɗannan in sun tsufa ƙasa suke komawa. Tun daga wajen 1990, da ruwan leda ya yaɗu, sai ya zamana ko barkonon da bai cika tafin hannu ba sai an ƙulla shi a leda, a sake jefa ƙullin a wata. Ita kuwa ba ta ruɓewa. Yau idan tifa ta juye shara a gona, manomi da 'ya'yansa sai sun wuni suna tsince leda da fasassun kwalabe da matattun batura, wani lokaci har da allurar asibiti. Abin da ya kuɓuce musu garma ta binne shi, ya tare saiwa, ya hana ruwa shiga ƙasa. Abin da iska ta kwasa kuma ya maƙale a ƙaya, akuya ta haɗiye. A tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin shanu da awaki. Dabba ta yi ta ramewa, mai ita yana ta sayen magani, ashe ledar da aka ba shi kyauta a kasuwa ce take cinye ta.

Wannan ɓarna ta zo a lokacin da manomi ya fi buƙatar takin gargajiya. A zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 gwamnati ta sayar da takin zamani da araha, har wasu suka raina mangala. Wancan zamani ya wuce, kuma tun daga 2022, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, kuɗin buhu ya fi ƙarfin talaka. Ko da ma an samu, takin zamani shuka yake ciyarwa na damina guda, ba ya ba jigawa jikin da za ta riƙe laima.

A nan ne muke jawo hankalin 'yan kasuwa. Wanda ya ɗebi shara daga bola ya sayar wa manomi da sunan taki, ya kuwa san rabinta leda ce, ya yi algus, daidai da mai zuba tsakuwa a buhun wake. Shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, ta kuma ba mai saye zaɓin mayarwa. Mai kanti da yake ninka leda uku a kan sabulu ɗaya ba mu ce ya yi haramun ba, amma ya sani cutar da ya saki tana da inda za ta sauka, kuma kawar da abin cutarwa daga hanyar mutane yana cikin rassan imani.

Ma'aikata kuma nasu ya fi nauyi, don su ne masu alƙalami. Tsabtar Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda aka gada daga mulkin soja na 1984, tana da amfani, sai dai aikinta kwashewa ne kawai: a yashe lambatu, a tara a bakin titi, a loda, a juye a wani wuri, kome a cakuɗe. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Mu ba mu ce lalle sai an yi haka a Kano gobe ba, domin akwai dubban magidanta da suke ci daga masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai. Amma gari kamar Dambatta ko Bichi, inda gona take farawa daga bayan gida na ƙarshe, ba ya buƙatar jiran dokar tarayya. Abin da ake nema shi ne a raba tun daga tsakar gida: toka da kashin dabba da ɓawon abinci a juji guda, leda da kwalba da gwangwani a buhu dabam. Ƙaramar hukuma ta keɓe fili biyu a bakin kasuwa maimakon ɗaya, ta dawo wa duba-gari da martabar da yake da ita a zamanin En'e. Sarkin kasuwa da sarkin fawa su yi magana da mutanensu, liman ya ambata a huɗuba, mai unguwa ya sa ido. Yaran nan 'yan bola jari sun riga sun nuna cewa ƙarfe da roba suna da masu saye, sauran a tsare musu lafiyarsu a daina kallonsu da wulaƙanci.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba hukuncin sare itacen da yake kan iyakar gonaki biyu, wanda wani mai karatu daga Makoɗa ya aiko mana da tambaya a kansa.