Yaran Gadarif da Karatun Wasan Kwaikwayo a Bayyane

Gadarif, wadda ke gabashin Sudan kusa da iyakar Habasha, ta yi suna wajen noman dawa da riɗi, kuma tana cikin garuruwan da Hausawa suka daɗe da zama a cikinsu, wasu jikokin mahajjatan da suka bi hanyar ƙasa zuwa Makka suka yada zango, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan Turawa sun ci daular Sakkwato a 1903, ayarin da ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Yaron da ya tashi a irin waɗannan gidaje yana jin Hausa a bakin uwa da kaka, yana ciniki da wasa da Larabcin kasuwa, sa'an nan ya tarar da littafin makaranta cikin fusha, wato daidaitaccen Larabcin rubutu, wanda ba kowa ke hira da shi ba. Saboda haka karatu kan zo masa a matsayin aikin da ake yi don tsoron malami ko jarrabawa, kuma abin da aka yi don tsoro ba a komawa gare shi idan an tashi daga aji.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara tsananta lamarin. A watan Oktoba na shekarar hukumar UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan, kuma bayan faɗuwar birnin Wad Madani a watan Disamba 'yan gudun hijira sun kwararo Gadarif har azuzuwa da yawa suka koma wurin kwana. Yaron da ya shekara bai buɗe littafi ba yakan dawo yana haɗa baƙi da ƙyar, ga shi ya girma har ya san kunya, don haka ya gwammace ya yi shiru da a yi masa dariya.

Akwai wata dabara mai araha da ta dace da wannan hali, ita ce karanta rubutaccen wasan kwaikwayo a bayyane. Malami yakan ɗauki gajeren labari ya mai da shi zance tsakanin 'yan wasa, ya raba wa yara biyar ko shida, ɗaya ya zama mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin mutum guda, su yi ta bita na 'yan kwanaki, sa'an nan su tsaya gaban 'yan ajinsu kowa da takardarsa a hannu su karanta. Ba a buƙatar dandamali ko kayan ado, ba a kuma son a haddace, domin idon yaro a kan rubutu ake nema, murya kuwa ita ke ɗaukar fushin sarki da wayon Gizo da kukan marainiya. Inda takarda ta yi ƙaranci, allon aji ya wadatar.

Amfanin dabarar yana cikin maimaitawa. Kwamitin da gwamnatin Amurka ta kafa kan koyar da karatu ya bayyana a rahotonsa na 2000 cewa maimaita karatu da murya ƙarƙashin kulawar malami yana ƙara wa yaro sauri da daidaito da fahimta. Matsalar ita ce yaro yakan gaji idan aka ce ya karanta shafi ɗaya sau bakwai ba tare da dalili ba, amma wanda ya san cewa ranar Alhamis zai zama Gizo a gaban abokansa zai karanta shi sau ashirin a zaure ba wanda ya sa shi. Ba kuma zai iya sauya murya inda ya kamata ba sai ya gane abin da jimlar ke nufi, don haka fahimta takan shigo tare da lafazi. Yaran Gadarif sun riga sun san ɗaga murya a kan rubutu daga halwa, wato makarantar allo ta Sudan, inda hadda ita ce manufa kuma ta cancanci matsayinta. Abin da ya rage shi ne su ɗanɗana karatun da mai sauraro ke jiran jin yadda zai ƙare.

Ba baƙon abu ake neman shigowa da shi ba. Kwalejin horon malamai ta Baht al-Rida, wadda aka kafa a Sudan a 1934, ta shahara da wasannin makaranta, kuma Sudan ce ta fitar da mujallar yara ta Al-Sibyan tun 1946. A ƙasar Hausa kuwa yara sun daɗe suna kwaikwayo a tashen azumi, Malam Aminu Kano ya yi amfani da wasa wajen koyarwa a Bauchi a shekarun 1940, Shu'aibu Maƙarfi kuma ya rubuta wa gidan rediyo wasanni, aka buga Zamanin Nan Namu a 1959. Wasan rediyo shi ne mafi kusa da abin da ake magana a kai, domin ɗan wasan yana riƙe da takarda ne a gaban makirufo, kuma murya kaɗai ke isa ga mai sauraro.

Batun harshe shi ne ya fi buƙatar ƙarfin zuciya. Larabci ne harshen jarrabawa da aikin gwamnati, kuma zalunci ne a raunana yaro a cikinsa, don haka ya kamata yawancin wasannin su kasance cikin sassauƙar fusha. Sai dai barin Hausa a bakin ƙofa asara ce, tun da da ita yaron ya fara dariya da jin tsoron Dodo. Boko ba shi ne rubutun da ya saba da shi ba, amma ajami, wato rubuta Hausa da haruffan Larabci kamar yadda Nana Asma'u da malaman zamaninta suka yi, yana hannunsa tun daga allo. Idan malami ya zauna da tsofaffin unguwa ya rubuta tatsuniyoyinsu da ajami, ya tsara su wasa, yaron zai ga harshen kakarsa a takarda, watakila karon farko, kuma kakar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya gyara wa jikanta inda ya kuskure.

Wasu iyaye za su ce wasa shashanci ne, kuma damuwarsu game da tarbiyya ba abar rainawa ba ce. Amsar wannan damuwa tana cikin zaɓen labari da tsarin wuri: a karanta a tsakar gida ko harabar makaranta da rana, 'yan mata su yi nasu rukunin inda iyaye suka fi son haka, a kuma gayyaci iyayen su saurara. Haɗarin da ya fi wannan girma yana wajen malami, wanda zai so ya ba yaran da suka fi iya karatu manyan matsayi domin taro ya yi kyau. Yaron da ke tuntuɓe a kan baƙi shi aka yi dabarar dominsa, shi ya kamata a ba layuka gajeru masu maimaituwa a makon farko, a ƙara masa a na biyu, a kuma hana kowa katse shi idan ya tsaya yana haɗa kalma.