Mai ƙaramin shafi ya kama hayar saba, kada ya saya

Duk wanda ya buɗe shafin intanet na makaranta, na ƙaramar jarida ko na shagon atamfa, wata rana sai an ba shi shawarar ya mallaki tasa saba, wato kwamfutar da shafin zai zauna a kanta dare da rana. Tsofaffin Dell PowerEdge da HP ProLiant na hannu suna nan a kasuwa, farashinsu kuwa yana jan hankali. A ganina mai farawa ya bar su inda suke, ya kama hayar ƙaramar saba a cibiyar ajiyar bayanai, domin kuɗin sayen na'urar shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da za ta ci.

Mu fara da wuta. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kowace yunit. Idan saba tana jan wat 150 ba a kashe ta, za ta sha yunit 108 a wata, sama da naira 24,000 ke nan a wancan farashi, tun ba a zo ga batir da inbata da man janareta ba. Alkawarin da aka yi wa wannan rukuni ma awa 20 ne a rana, shafi kuwa 24 yake buƙata. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da dama suka kwashe fiye da mako cikin duhu. Ga zafin bazara da ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankokin na'ura. Sannan intanet ɗin waya da yawancin ofisoshi ke dogaro da shi ba ya bayar da tsayayyen adireshin IP, wanda ta kansa baƙi ke samun hanyar shafi. A ɗaya ɓangaren, DigitalOcean na bayar da hayar saba mai ƙwaƙwalwa gigabait 1 a kan dala 6 a wata, wadda ta ishi matsakaicin shafin WordPress, wuta da sanyi da mai gadi duk a wuyan kamfanin.

Za a ce ai haya da dala ake biya, naira kuwa ta faɗi. Gaskiya ne, daga kusan naira 460 a tsakiyar 2023 dala ta haura 1,500 a 2024. Amma ko a wannan canji, dala 6 naira 9,000 ce, ba ta kai rabin kuɗin wutar waccan na'ura ba, kuma batir da faifan ajiya su ma farashinsu dala yake bi. Wanda katinsa ba ya biyan kuɗi a waje yana da kamfanonin gida irin su QServers masu karɓar naira.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta amana: yaya mutum zai damƙa bayanansa ga wanda bai taɓa gani ba? Wannan tsoro yana da tushe. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cibiyoyin kamfanin hayar saba na OVH a Strasbourg ta Faransa, masu shafuka da yawa suka rasa komai. Sai dai waɗanda suka tafka asarar su ne marasa kwafi a wani wuri, kuma sabar da ke ƙarƙashin teburin ofis ta fi fuskantar gobara da ɓarawo da tashin wuta. Saboda haka a sa kuɗin ajiye kwafi na kullum, a wani kamfani dabam, cikin lissafi tun ranar farko.

Saura batun wanda zai kula. Sabar haya tana zuwa babu komai sai Linux, dole wani ya riƙa sabunta ta yana toshe ƙofofin 'yan kutse. Idan babu irin wannan mutum a hannu, gara a fara da hayar haɗaka, inda shafuka da yawa ke zaune a saba ɗaya kamfani na kula da ita. A nan kuma a duba kuɗin sabuntawa na shekara ta biyu kafin a biya na farko, domin sau da yawa rangwamen da ake tallatawa na shekarar farko ne kaɗai.