A fara tambayar makiyayi: nawa suka mutu?

Bara wani shirin tallafi, wanda ba zan kama sunansa ba, ya kawo mana fom na salula a gundumar Damagaram Takaya. Mai neman likitan bisashe ya cike, na'ura ta ba shi rana, ta kuma nuna wa zai gani: mataimakin kiwo na karkara, ko ni, ko babban likita. Ban ƙi tsarin ba. Ma'aikata kaɗan ne, daji da faɗi, man babur kuma ba kyauta ba ne. Jerin tambayoyin ne ban yarda da shi ba.

Bayan suna, sai fom ya ce: bisashenka nawa? Duk wanda ya taɓa zama a ruga ya san ba a yi wa Bafulatani wannan tambaya da farin shiga. Kakanninsa sun biya jangali, shi kuma bai manta ba. Ko ya rage adadin, ko ya kashe salula.

Sai kuma a ce ya zaɓa: rigakafi, magani ko shawara. Wani yaro da ya ɗan taɓa lakwal ya cike wa mahaifinsa, ya danna shawara don yana zaton ita ce ba a biya. Aka sa su layin mako mai zuwa. Da na isa, awaki na zawo, ga majina, ga gyambo a baki, alamun PPR ƙarara. Duk kwanakin nan garken yana shan ruwa rijiya ɗaya da na maƙwabta. Wannan fa ita ce cutar da FAO da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka ɗau alkawarin kawarwa kafin ƙarshen 2030.

Makiyayi ba ya zuwa da sunan hidimar da yake so, abin da idonsa ya gani yake kawowa. To, a tambaye shi wannan. Nawa suka mutu, tun yaushe? Akwai wadda ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta dubura? In ya ce e, babu zancen ba da rana. Mai yiwuwa ciwon saifa ne, kuma yana kama mutum. Nan take fom ya gargaɗe shi kada a feɗe, kada a ci, salulata kuma ta yi ƙara ko da tsakar dare, a ɗauki samfur zuwa LABOCEL a Damagaram.

Wurin adireshi ma a gyara. Wanda ya yi arewa wajen Tanut da damina ba shi da unguwa. A tambaye shi rijiya ko tabkin da yake shayarwa, da ranar da zai tashi.

Kuma a bar ƙofar murya buɗe. Yawancin masu nemana saƙon WhatsApp suke turowa da Hausa ko Fulatanci, in sun hau tudu sun samu rezo. Mataimakin kiwo ya saurara, shi ya cike fom ɗin.