Filin Jirgi Ɗaya Tak Ke Riƙe da Tsibiran Falkland

Duk ranar da aka tambayi wani minista a Landan ko tsibiran Falkland na cikin haɗari, amsarsa ba ta wuce a kwantar da hankali. Zai lissafo jiragen yaƙi huɗu samfurin Typhoon da ke sansanin Mount Pleasant, da makaman kakkaɓo jirage na Sky Sabre, da sojoji fiye da 1,000. Sai ya ƙara da cewa ita Ajantina, mai kiran tsibiran Malvinas tana cewa nata ne, ba ta da ƙarfin da za ta tayar wa kowa hankali. Masu sharhin tsaro sun yi ta nanata wannan magana har ta zama hadda. Ni dai ban yarda da ita ba.

Daga tsibiran zuwa gaɓar Ajantina kilomita 480 ne, zuwa Birtaniya kuwa kusan 13,000. Sojojin da ke can ba a ajiye su don su ci yaƙi su kaɗai ba. Aikinsu su riƙe filin jirgin Mount Pleasant, wanda aka buɗe a 1985, har ɗauki ya iso ta sama daga sansanin Brize Norton na Ingila, bayan an yada zango a tsibirin Ascension da ke tsakiyar tekun Atlantika. Ke nan duk tsaron a kan fili ɗaya da hanya ɗaya yake rataye. Ita hanyar ma ta taɓa yankewa ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba. Daga 2017 zuwa 2023 titin saukar jirage na Ascension ya lalace, manyan jirage suka daina sauka, aka koma bi ta Afirka ta Yamma, ana tsayawa a Cape Verde. Shekara shida babbar ƙasa tana aron ƙofar gidan wani kafin ta kai ga sojojinta.

Turawan Ingila sun fi kowa sanin yadda ake kashe jirgin yaƙi a ƙasa, domin su suka koyar da darasin. A daren 14 ga Mayun 1982, lokacin yaƙin Birtaniya da Ajantina a kan tsibiran, wasu sojojinsu na musamman suka lallaɓa tsibirin Pebble na Falkland cikin duhu da sanyi, suka bi jiragen Ajantina 11 da ke ajiye a kan ciyawa suka lalata su, suka fice kafin gari ya waye. A Yunin 2025 Ukraine ta yi wa Rasha irin wannan da ƙananan jirage marasa matuƙi da aka ɓoye cikin manyan motoci, ta ƙona mata jiragen jefa bama-bamai a can cikin ƙasarta. A watan na Yuni dai wasu masu fafutuka suka kutsa cikin Brize Norton ɗin da daddare, suka fesa jan fenti a injinan jirage biyu samfurin Voyager, irin waɗanda ke jigilar sojoji zuwa Falkland, suka fita babu wanda ya tare su. To ina ga jirage huɗu a wani tsibiri da ɗaruruwan jiragen kamun kifi na ƙasashe daban-daban ke shawagi a tekun da ke kewaye da shi? Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da zai biyo baya idan filin ya suɓuce. A 1982, don ƙwato tsibiran daga Ajantina, Firaminista Margaret Thatcher ta tura jiragen ruwa 127, na yaƙi da na 'yan kasuwa da aka karɓa aro, wasu suka sha mai a Freetown a kan hanya. Duk da haka da ƙyar aka sha. Makami mai linzami na Exocet ya ci jirgin Sheffield, wani ya ci Atlantic Conveyor da jirage masu saukar ungulu da ke cikinsa, dole sojoji suka taka da ƙafa daga San Carlos zuwa Stanley, babban birnin tsibiran, kusan kilomita 90, da kaya niƙi-niƙi a baya, cikin taɓo da iskar hunturu. A yau Birtaniya na da manyan jiragen dakon jiragen yaƙi guda biyu, ban musa ba. Amma jiragen rakiyar da za su kare su ba su kai 20 ba, kuma kullum wasu na wurin gyara. Ɗaya daga cikin manyan biyun, Prince of Wales, ya lalace a 2022 jim kaɗan da barin tashar Portsmouth. Albion da Bulwark, jiragen da aka ƙera musamman don sauke sojoji a gaɓar teku, an sanar da yi musu ritaya a ƙarshen 2024. Wanda zai ƙwato tsibiri da me zai sauke mutanensa? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Za a ce ai Ajantina ta raunana. Gaskiya ne. Ta ajiye jiragenta na Mirage a 2015, jirginta na ƙarƙashin teku San Juan ya nutse a 2017 da mutum 44 a ciki. Shekaru da dama Birtaniya na toshe mata cinikin jiragen yaƙi, saboda akwai kayan Ingila a jikin yawancinsu. Sai ga shi a Afrilun 2024 ta sa hannu kan sayen F-16 guda 24 daga Denmark, da amincewar Amurka, ƙasar da ta tallafa wa Birtaniya da mai da makamai a 1982. Ban ce Shugaba Javier Milei na shirin yaƙi ba, shi kansa ya ce ta hanyar diflomasiyya zai bi. Sai dai kundin tsarin mulkin Ajantina na 1994 ya ɗora wa kowace gwamnati neman tsibiran, kuma shugabanni zuwa suke suna wucewa. Janar Galtieri ya hau mulkin Ajantina a Disambar 1981, kafin ya cika wata huɗu sojojinsa suna cikin Stanley, Gwamna Rex Hunt da 'yan sojojin ruwansa da ba su kai 100 ba sun miƙa wuya. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka ba shi ƙwarin gwiwa shi ne shawarar da ministan tsaro John Nott ya yanke a 1981 ta janye jirgin sintiri Endurance don a rage kashe kuɗi. Masu mulkin soja a Buenos Aires suka fahimci cewa mai gida ya gaji da gadin gidansa.

Na san mai karatu zai iya cewa me ya kai Birtaniya can tun farko, ai ragowar mulkin mallaka ne. Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na raina ta. Amma akwai mutane kusan 3,600 da ke kiwon tumaki da kamun kifi a wurin, wasunsu tun kakannin kakanni. A ƙuri'ar raba gardama ta 2013, mutum 1,513 suka zaɓi zama da Birtaniya, uku suka ce a'a. Wanda ya ɗauki alkawarin kare su, ko dai ya ajiye ƙarfin da ba wanda zai yi sha'awar gwadawa, da kariya daga jirage marasa matuƙi da jiragen ruwan da za su iya kai ɗauki, ko kuma ya zauna da Ajantina a yi magana tun yana da abin faɗa. Wannan tsaka-tsakin da ake ciki, na rage kayan aiki ana ƙara cika baki, shi ne ainihin halin da aka shiga a 1981.

Yaƙin 1982 na kwana 74 ya ci 'yan Ajantina 649, da 'yan Birtaniya 255, da mata uku mazauna Stanley. Da yawa cikin 'yan Ajantinan kuratan sojoji ne 'yan shekara 18 da 19 da aka tura cikin sanyi ba isasshen abinci. A maƙabartar sojojin Ajantina da ke Darwin a tsibiran, fiye da kaburbura 120 suka shekara 35 babu suna a kansu. Sai a 2017 ƙungiyar Red Cross ta tono gawarwakin ta yi musu gwajin ƙwayoyin halitta, a 2018 aka ɗauko iyayen da suka rage a raye, tsofaffi, wasu na dogara sanda, aka nuna wa kowace uwa da aka gano ɗanta inda yake kwance.